Kano zuwa Jidda ta jirgin sama: nisan hanya, awannin tafiya, da abin da ke ƙara su

Waɗannan su ne tambayoyin da maniyyata, masu zuwa Umara, 'yan kasuwa da iyalan da ke jiran saukar nasu suka fi yi a kan wannan hanya. Nisan da ke tsakanin biranen biyu ba ya canzawa, amma lokacin tafiyar yana canzawa, kuma a nan ne yawancin ruɗanin yake.

Kilomita nawa ne tsakanin Kano da Jidda?

Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa filin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, kimanin kilomita 3,420 ne idan aka auna miƙaƙƙen layi a kan doron ƙasa. A mil kuwa, kusan 2,130 ne. Matuƙa jirgi suna aiki da wani ma'aunin daban, mil ɗin teku, wanda kowane ɗaya kilomita 1.852 ne, don haka a takardunsu za a ga kusan 1,850. Idan ka ci karo da waɗannan lambobi uku a wurare daban-daban, duk nisa ɗaya suke nufi.

Wannan shi ne mafi ƙarancin nisan da zai yiwu. Jirgi ba ya bin layin daidai-wa-daida. Akwai hanyoyi da aka shata a sararin samaniya, akwai kwanar da yake sha bayan ya tashi, akwai kuma zagayen da yake yi kafin ya daidaita da titin sauka. A ranar da komai ya tafi lafiya, waɗannan kan ƙara kilomita ɗari ko ɗari biyu.

Awa nawa jirgin da ba ya tsayawa a hanya yake yi?

Idan hanyar Sudan a buɗe take, jirgi kan yi awa huɗu zuwa huɗu da rabi a sama. Lissafin bai da wuya: jirgin fasinja idan ya kai tsayinsa yana gudun kilomita 830 zuwa 910 a awa, kuma 3,420 a raba da 850 ya ba da awa huɗu. Sai a ƙara ɗan lokaci saboda jirgi ba ya cikakken gudu lokacin hawa da lokacin gangarowa.

Abin da kamfani ke rubutawa a jadawali ya ɗara haka, yawanci awa huɗu da rabi zuwa biyar. Dalili kuwa, su agogonsu yana farawa ne daga lokacin da aka janye jirgi daga inda ya tsaya, ya ƙare sa'ad da ya tsaya cak a ɗaya filin. Tafiyar da yake yi a ƙasa zuwa titin tashi, da layin da yake bi yana jiran hasumiya ta ba shi izini, duk suna ciki. Kamfanoni kuma kan ƙara 'yan mintoci da gangan don kada ƙaramin jinkiri ya sa a ce sun makara.

Idan kuwa an kauce wa Sudan, wannan lissafi ya rushe. Duba amsar da ta yi bayanin rufe sararin samaniyar Sudan.

Tikitina ya nuna awa bakwai zuwa, awa uku dawowa. Kuskure ne?

Ba kuskure ba ne, kuma babu tambayar da ta fi wannan yawan zuwa. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu duk tsawon shekara, domin babu ɗayansu da ke sauya agogo da rani ko da hunturu. Tikiti kuwa kullum yana rubuta lokacin tashi da agogon garin da za a tashi, lokacin sauka da agogon garin da za a sauka.

A ce jirgi ya tashi daga Kano ƙarfe 11:00 na dare, ya yi awa huɗu da minti 45. Agogon hannunka da ba ka taɓa ba zai nuna 3:45 na dare, amma a Jidda ƙarfe 5:45 na asuba ne, kuma wannan tikiti zai rubuta. Mai dubawa sai ya ga kamar awa shida da minti 45. A dawowa abin ya juye: tashi daga Jidda 10:00 na safe, sauka a Kano 12:45 na rana, kamar awa biyu da minti 45 kawai, alhali zaman da ka yi a kujera ɗaya ne. Ƙa'idar ita ce, in za ka tafi ka cire awa biyu daga abin da ka gani, in za ka dawo ka ƙara awa biyu.

Ka kuma lura da alamar +1 kusa da lokacin sauka, wadda ke nufin washegari za a sauka. Wani abin da ke jawo asarar tikiti shi ne jirgin da zai tashi bayan sha biyun dare. Idan an rubuta 01:30 ranar Talata, to ranar Litinin da dare ne za ka je filin jirgi. Wanda ya jira ranar Talata da dare ya makara da kwana guda cur.

Ta waɗanne ƙasashe jirgin ke bi?

Miƙaƙƙen layin yana fita daga Kano ya nufi gabas maso arewa kaɗan, kimanin digiri 68 daga arewa. Ya ratsa Jigawa da Yobe, ya ɗan taɓa gefen Nijar wajen Diffa, ya wuce ta arewacin tafkin Chadi, ya keta ƙasar Chadi daga yamma zuwa gabas. Daga nan sai arewacin Darfur a Sudan, ya tsallake kogin Nilu wajen Dongola, ya bi hamadar Nubiya har bakin Bahar Maliya arewa da Port Sudan. Abin da ya rage tsallaken ruwa ne na kilomita 230 ko kusa da haka. Sudan kaɗai ta cinye kusan kilomita 1,400 na wannan hanya, wajen kashi biyu cikin biyar.

Jirgin da ke tafe a tsayin ƙafa 37,000 yakan fara gangarowa tun saura kusan kilomita 200, wato dab da barin gaɓar Sudan. Saboda haka mai zaune a bakin taga da rana, da zarar rairayi ya ƙare ya ga shuɗin teku, ya san saura kamar rabin awa a sauka. A hanya kuma masu kula da zirga-zirgar jirage suna miƙa jirgin daga hannu zuwa hannu: Kano, sannan Injamena, sannan Khartum, sannan Jidda.

Me ya sa wasu alhazai suka ce sun yi awa shida ko bakwai, kuma jirginsu bai tsaya ko'ina ba?

Yaƙin Sudan ne. Ranar 15 ga Afrilun 2023 faɗa ya ɓarke a Khartum, aka rufe sararin samaniyar ƙasar ana saura 'yan makonni a fara jigilar alhazan shekarar. Jirgi ba ya ratsa sararin da aka rufe, kuma kamfanonin inshora ba sa lamuntar hakan. Daga baya an buɗe wani ɓangare ta gabashin ƙasar, amma buɗe gefe ɗaya ba ya warware matsalar mai son ketawa daga yamma zuwa gabas.

Zagayen iri biyu ne. Na arewa shi ne gajere a taswira: a haura ta saman iyakar Sudan a shiga Masar, a gangaro ta Bahar Maliya. Matsalarsa ita ce Chadi ba ta da iyaka da Masar, dole sai an ratsa kudancin Libiya, kuma ba kowane kamfani ne ke da izini ko yardar bin nan ba. Na kudu yana bi ta Kamaru da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ya nufi gabashin Afirka, ya haura ta Habasha zuwa Bahar Maliya. Idan har jirgi ya gangara wajen Uganda da Kenya, tafiyar ta haura kilomita 5,000, shi ya sa awa huɗu ke komawa shida da rabi ko bakwai.

Ƙarin awa biyu ba zama kawai ba ne. Babban jirgi irin Airbus A330 yana shan man da ya kai tan biyar da rabi zuwa shida a kowace awa, Boeing 747 kuwa kusan tan goma. Ga kuɗin ratsa sararin kowace ƙasa da ake biya. Wannan ne ya sa kamfanonin jigila suka nemi ƙarin kuɗi a Hajjin 2023. Kafin ka sayi tikiti, ka kalli tsawon lokacin da aka rubuta bayan ka cire awa biyun bambancin agogo. In ya haura awa biyar da rabi, to zagaye za a yi.

Zuwa da dawowa lokacinsu ɗaya ne?

Da wuya su zo daidai, kuma iska ce sanadi. Jirgi yana tafiya ne a cikin iska, ita ma iskar tafiya take yi, kamar mai kwale-kwale a kogi: ƙarfin tuƙinsa ɗaya ne, amma in ya bi ruwa ya fi saurin isa a kan in ya tunkare shi. Jirgin da ke gudun kilomita 870 a awa, idan iska mai gudun 80 ta turo shi daga baya, yana cin ƙasa da gudun 950. In ta tare shi ta gaba, 790 ne. A wannan hanya bambancin zai kai minti arba'in tsakanin zuwa da dawowa.

Alƙiblar iskar ta danganta da lokacin shekara. Da hunturu, iskar can sama a arewacin Afirka daga yamma take kaɗawa zuwa gabas, saboda haka zuwa Jidda ya fi sauri, dawowa ta fi ja. Tsakiyar damina, wajen Yuli da Agusta, wata iska mai ƙarfi ce ke tasowa daga gabas a wannan tsayi, sai abin ya juye. Kada hazon hunturu ya ruɗe ka: iskar da ke kawo ƙura daga arewa maso gabas ta ƙasa-ƙasa ce, jirgi kuwa yana can kilomita 11 ko 12 sama da ita. Juyawar duniya ba ta rage tafiya ko ƙara ta kai tsaye, domin jirgin da iskar da ƙasar duk tare suke juyawa.

Irin jirgin yana canza lokacin?

Kaɗan. Ƙananan jirage irin Boeing 737 da Airbus A320 suna gudun kusan kilomita 830 a awa, A330 wajen 870, Boeing 777 da 747 kuwa 900 ko ɗan sama da haka. Tsakanin mafi jinkiri da mafi sauri, minti ashirin ne ko makamancin haka a wannan nisa. Abin da babban jirgi ya samu a sama yakan zubar da shi a ƙasa, domin shigar da mutum ɗari huɗu ko biyar da sauke su da kayansu ya fi ɗaukar lokaci. Ƙaramin jirgi yana iya yin miƙaƙƙiyar hanya ba tare da tsayawa ba, amma zagayen kudu cike da fasinja da kaya na iya tilasta masa sauka shan mai.

Idan Madina za a sauka fa?

Kano zuwa filin jirgin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz da ke Madina kusan kilomita 3,560 ne, ƙarin 140 kacal a kan Jidda, wato minti goma. Ribar tana ƙasa: filin Madina bai fi tafiyar rabin awa a mota zuwa Masallacin Annabi (SAW) ba. Wanda aka sauke a Jidda alhali Madina zai fara zuwa yana da tafiyar fiye da kilomita 400 a gabansa, awa biyar ko shida a bas. Ga tsofaffi da marasa ƙarfi, sauka a Madina kai tsaye ya fi kowane irin sauƙi da za a nema musu.

A tikiti, KAN shi ne Kano, JED Jidda, MED Madina. A duba waɗannan haruffa kafin a biya kuɗi, musamman in tikitin na shiga ta wani gari ne a fita ta wani.

Ni ba daga Kano zan tashi ba. Yaya nisan sauran garuruwa yake?

Duk wanda ya fi kusa da gabas ya fi samun sauƙi. Maiduguri zuwa Jidda bai cika kilomita 3,000 ba, kusan rabin awa ƙasa da Kano. Katsina kusan 3,470 ne, bambancinta da Kano bai taka kara ya karya ba. Kaduna wajen 3,600, Abuja kusan 3,690, Sakkwato 3,720 da 'yan kai. Yamai tana da kusan 4,000, Legas kuwa 4,200, kusan awa guda fiye da Kano. Hanya mai sauƙi ta ƙiyasi ita ce a lissafa minti bakwai a kan kowane kilomita ɗari. Wannan duka a miƙaƙƙiyar hanya ne. In an koma zagayen kudu, fifikon da garuruwan arewa suke da shi a kan Abuja da Legas yana raguwa sosai.

Jirgin da ke yada zango a wata ƙasa, nawa yake ƙarawa?

Ya danganta da inda aka yada zangon da kuma tsawon jiran. Ta Alƙahira, hanyar ta zama kusan kilomita 3,100 sannan 1,200, jimla wajen 4,300. Ta Adis Ababa kusan 3,330 da 1,410, jimla 4,700 da ɗoriya. Ta Doha kuwa sai an wuce Saudiyya gaba ɗaya an dawo da baya: kusan 4,750 sannan 1,330, fiye da kilomita 6,000. A zaman jirgi kaɗai, Alƙahira da Adis Ababa na cin awa bakwai ko kusa, Doha tara ko fiye, ban da abin da rufe Sudan zai ƙara wa kowannensu.

Jiran canjin jirgi shi ne babban abin dubawa. Akwai na awa biyu, akwai na awa goma sha biyu. Ƙasa da awa ɗaya da rabi haɗari ne ga wanda bai san filin ba, ko yake tafe da tsoho ko yara, domin jinkirin minti arba'in a Kano ya isa ya sa jirgi na biyu ya tafi ya bar shi. Awa biyu da rabi zuwa huɗu shi ne daidai.

A tabbata tikiti ɗaya ne ya haɗa tafiyar biyu. In haka ne, kaya za su wuce kai tsaye har Jidda, kuma idan jirgin farko ya makara, nauyin kamfani ne ya sa ka a na gaba. In tikiti biyu ne daban, wanda wasu ke haɗawa don rahusa, sai ka ɗauki kayanka ka sake aunawa, wataƙila ma a nemi bizar ƙasar da ka yada zango, kuma in ka rasa jirgi na biyu babu mai biyanka.

Daga ƙofar gida a Kano zuwa masauki a Makka, awa nawa zan ware?

Wannan ce tambayar da ya kamata mai shiri ya fi damuwa da ita. Jirgin sama mai fita ƙasar waje ana so a isa filinsa awa uku kafin tashi. Sai awa biyar na jirgi. A Jidda, layin jami'an shige da fice, ɗaukar hoton yatsu da jiran kaya kan ci awa ɗaya zuwa biyu a lokacin da babu cunkoso. Daga filin zuwa Makka kusan kilomita ɗari ne, awa ɗaya da rabi a mota. Idan aka haɗa da tafiya daga gida zuwa filin jirgin Kano, jimla ta kama awa goma sha ɗaya zuwa sha biyu, in babu abin da ya gitta.

Lokacin Hajji lissafin daban ne. Ana kiran maniyyata sansanin alhazai tun da sauran lokaci mai tsawo, ana tantance su rukuni-rukuni, kuma a tashar alhazai ta Jidda, mai rufin tantuna, jirage da yawa ne ke sauka a jere daga ƙasashe daban-daban. Bas ba ya tashi sai ya cika an kammala lissafin fasfo. Yini guda cur ba abin mamaki ba ne. Shi ya sa magani, ɗan abin taɓawa irin dabino da biskit, da rigar sanyi mara nauyi suke zama a jakar hannu. Wanda ya sa maganin hawan jini ko na ciwon suga a babbar jaka ya rabu da shi ke nan har sai an isa.

Mai Umara yana da zaɓin jirgin ƙasa na Haramaini, wanda ya fara aiki a 2018, yana da tasha a cikin sabon ginin filin jirgin Jidda, kuma yana kai gudun kilomita 300 a awa. Zuwa Makka bai kai awa guda ba, zuwa Madina wajen awa biyu. Sai dai yana da ƙa'idar yawan kaya, kuma kujeru kan ƙare a watan azumi.

Me ke jawo jinkirin tashi daga Kano?

Daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo ne. Kowane titin sauka yana da mafi ƙarancin nisan da dole matuƙi ya iya hangowa, gwargwadon na'urorin da ke aiki a filin. Idan ƙura ta rufe ƙasa da haka, jirgin da zai zo ya ɗauke ku ba zai iya sauka ba, sai ya jira ko ya karkata zuwa Abuja ko Legas. Da damina kuma hadari ne, musamman da yamma. Jirgi ba ya shiga tsakiyar hadari mai tsawa, sai ya jira ya wuce ko ya zagaye shi, abin da kan ƙara minti goma zuwa talatin.

Mafi yawan jinkiri dai gado ne daga wani wuri. Jirgin da zai kai ku Jidda daga Jidda ya taso, in ya makara can, ya makara nan. A jigilar alhazai abin ya fi tsanani, domin jirgi ɗaya ne ke kai-komo, kuma hukumomin Saudiyya suna ba kowane sawu takamaiman lokacin sauka. Sawun da ya rasa lokacinsa saboda maniyyata ba su hallara ba, ko biza ba ta fito ba, sai ya jira a ba shi wani, kuma duk sawun da ke bayansa ya gurgunce. Akwai kuma dokar awannin aikin matuƙa: idan jinkiri ya cinye lokacinsu, dole su huta ko a kawo wasu, ko da jirgin lafiyarsa ƙalau.

Yaya lokutan salla suke a cikin wannan tafiya?

Mai tafiya gabas yana tarar rana ne, don haka lokuta suna zuwa masa da sauri. Jidda tana gabas da Kano da digiri 30 da ɗan kai, kowane digiri kuwa minti huɗu ne na rana, jimla awa biyu. Wato cikin zaman awa huɗu da rabi, rana tana yin tafiyar awa shida da rabi. Jirgin da ya tashi ƙarfe 12:00 na rana ya bar Kano kafin azahar ta yi, kuma zai sauka wajen magariba. Azahar da la'asar duka a sama za su same ka. Saboda haka a yi alwala kafin a shiga jirgi, domin ban-ɗakinsa ƙarami ne, ruwansa kaɗan, kuma ba a so a jiƙa ƙasansa. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli da yin salla a zaune, a tambayi malamai tun kafin ranar tafiya.

A miƙaƙƙiyar hanya zuwa Jidda, hancin jirgin kusan alƙibla yake kallo, domin alƙiblar Kano da layin Jidda kusan ɗaya ne. A dawowa tana bayanka. A zagayen kudu ko na arewa kuwa tana canzawa, sai a duba allon da ke gaban kujera ko a tambayi ma'aikatan jirgi. Mai azumi yana buɗe baki ne da faɗuwar rana a inda jirgin yake, ba da agogon Kano ko na Makka ba, kuma a wannan tsayi ana ci gaba da ganin rana na wasu mintoci bayan ta faɗi ga mutanen da ke ƙasa. Azumin mai zuwa yana gajarta da awa biyu, na mai dawowa yana tsawaita da awa biyu.

Yaushe zan ɗaura harami idan Makka zan wuce kai tsaye?

Wanda zai fara da Madina ba shi da wannan damuwa, a miƙatin Zul-Hulaifa zai ɗaura in zai fito. Wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka shi ne ke buƙatar shiri. Miƙatin Juhfa yana arewa da Jidda, kusa da Rabig, na Yalamlam yana kudu. Malamai sun yi saɓani a kan mai zuwa daga yamma ta tsallaken teku, ko zai yi niyya a sama in ya zo saitin miƙati, ko Jidda ta isar masa. Wannan a bi abin da malamin da aka amince da shi ya ce.

Abin da ya shafi lissafi shi ne jirgi yana cin kilomita 14 zuwa 15 a kowane minti. Matuƙi kan sanar tun da sauran lokaci, amma in mutum ɗari uku suka tashi a tare suna neman ban-ɗaki don canza kaya, kafin rabinsu su gama an wuce wurin, kuma a daidai lokacin ne ake kunna alamar ɗaura bel saboda gangarowa. Mafi aminci shi ne a yi wanka a gida, a sa tufafin harami a filin jirgin Kano ko a inda aka yada zango, a bar niyya da talbiyya zuwa lokacin sanarwa. A riƙe mayafi ko bargo, domin cikin jirgi da sanyi.

Zaman awa biyar zuwa bakwai yana da illa ga jiki?

Ga mai lafiya, gajiya ce kawai da bushewar maƙogwaro, saboda iskar cikin jirgi ba ta da laima. Abin da ake gudu shi ne daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wanda haɗarinsa ke ƙaruwa in zama ya wuce awa huɗu, musamman ga tsofaffi, masu juna biyu, masu ƙiba da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan. A riƙa motsa idon sawu da yatsun ƙafa a zaune, a tashi a ɗan taka kowace awa ɗaya ko biyu, a sha ruwa. Tsofaffi da yawa kan ƙi shan ruwa don gudun zuwa ban-ɗaki; wanda ke tare da su ya nema musu kujerar bakin hanya ya kuma nuna musu yadda ƙofar take buɗewa tun da farko. Toshewar kunne lokacin gangarowa tana warwarewa da haɗiyar yawu ko hamma, jariri kuma a ba shi nono. Mai allurar insulin ya tambayi likitansa yadda zai daidaita lokacinta da bambancin awa biyun da aka yi bayani a sama.

Kafin zuwan jirgi, wannan tafiya tana ɗaukar wane lokaci?

Watanni ga mai guzuri, shekaru ga mai tafiya yana neman na abinci. Hanyar ƙasa ta bi ta Borno, Wadai, Darfur da Kurdufan zuwa kogin Nilu, sannan tashar ruwa ta Sawakin, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Da yawa sun tsaya noma ko ƙwadago a hanya, wasu ba su ƙarasa ba, wasu ba su dawo ba, kuma daga cikinsu ne aka samu al'ummar Hausawa masu yawa da ke Sudan a yau. Jiragen sama na farko da suka sauka a Kano, uku na sojan saman Birtaniya a Nuwamban 1925, daga Masar suka taso suka biyo ta Khartum, suna sauka zango-zango a kusan wannan tsohuwar hanya. A 1936 aka fara jigilar fasinja da wasiƙu tsakanin Khartum da Kano.

Ta yaya iyali za su san ainihin lokacin da jirgi zai sauka?

Da lambar jirgin, wadda ke kan tikiti: haruffa biyu na kamfani da lambobi a bayansu. A sa ta a shafin intanet mai bin sawun jirage, irin Flightradar24 ko FlightAware, za a ga ko ya tashi, ta ina ya bi, da lokacin da ake sa ran saukarsa. A nan ma lokacin sauka da agogon garin da za a sauka ake nuna shi. Idan aka duba tarihin wannan lamba na kwanakin baya, za a ga awannin da jirgin yake yi a zahiri da hanyar da yake bi, wanda ya fi jadawalin kamfani gaskiya.

Wani lokaci hoton jirgin kan ɓace ko ya tsaya wuri ɗaya a tsakiyar Chadi ko Sudan. Na'urorin ƙasa da ke karɓar saƙonsa ne suka yi ƙaranci a hamada, zai sake bayyana in ya kusa Bahar Maliya ko iyakar Najeriya. Masu zuwa tarye a Kano su ƙara awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kan lokacin sauka saboda shige da fice, kaya da kwastan, lokacin dawowar alhazai kuwa su ƙara fiye da haka. Wanda ya sauka Jidda kuma sau da yawa ba a jin ɗuriyarsa sai ya fita daga layi ya sayi layin waya na Saudiyya ko ya samu intanet, don haka shirun awa biyu ko uku bayan saukar jirgi abu ne da aka saba gani.